Borghild Ta Yi Shiru, Gunvor Ta Haɗa Kaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnen da bai saba jin shiru ba, Oddvar Nesheim, mai gidan Rediyo Tsawa, yana sanar da ƴan uwa da masu sauraro rasuwar Borghild, na'urar da ke watsa shirye-shiryen tashar. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar tallan tayoyin mota.

Marigayiyar ta iso garin nan a bayan motar kifi tun Oddvar yana da gashi har kafaɗa. Kwance ce, ta sha hannu kafin ta zo. Aka girke ta a tsohuwar rumfar shanya kifi, ba lasisi, ba sallama. Kafin zuwanta, abin da rediyo ke ba mu bai wuce labarin iska da waƙoƙin coci ba. Sai ga jita mai lantarki tana kururuwa a kowane kicin, tsofaffi suna ta juya akwatin rediyonsu a zaton lalacewa ya yi. Fasto ya yi wa'azi a kanta har muryarsa ta dushe. Da shekara ta zagayo, shi ne a layin masu talla, yana so a sanar da kasuwar coci tsakanin kiɗan rok biyu. Lasisi ya zo daga baya, ya tarar ta riga ta yi suna.

An shaide ta da juriya da riƙon amana. Masunta idan suna dawowa daga teku ba sa duba taswira. Da ganga ta fara dukan rediyon jirgi, sun san gida ya kusa, sai a ɗora kofi. Tana da ɗumin jiki, shi ya sa duk lokacin sanyi ofishin yake cika da masu zumuncin da ba a gayyata ba. Ba ta yarda da waƙar soyayya mai sanyi ba. Da an saka sai ta yi "ƙirrr, tas, tas", ta ɗauke, sai Oddvar ya shure ta a haƙarƙarin hagu ta koma "hmmmm" ɗinta. Mutum tara yake bai cika goma ba: ƙarnin kifi bai taɓa barin jikinta ba.

Wajibi ne a faɗi wata magana, tunda gari duk ya sani. Tun da daɗewa uwargidan Oddvar, Gunvor, take so su koma Sifaniya wurin ƴarsu, inda rana ke fitowa da gaske. Oddvar ya yi mata alkawari gaban shaidu cewa ranar da aka binne Borghild zai ajiye makirufo ya bi ta, wani kamfanin babban birni kuma ya karɓi tashar ya riƙa turo waƙoƙi masu laushi ta kwamfuta. Ya yi alkawarin ne a zaton ƙarfe ba ya mutuwa. Tun daga nan yake jinyarta kamar uwa, yana bin bola da gwanjo neman kayan gyara, don ba ya son barin kujerar nan ko kaɗan.

Ciwon ajali ya soma da tari. Likitanta, Trygve mai gyaran lantarki, ya hana a ɗora mata komai mai lema. Ranar Laraba aka sami safa biyu sharkaf da ruwan gishiri a kanta, suna ɗiga ta ramukan iska. Iyalai ba sa zargin kowa. Sai dai safar ta Oddvar ce, Gunvor kuma a tsawon aurensu ba ta taɓa taka tashar ba sai ranar.

"Yanzu mace ta shanya wa mijinta safa ya zama laifi?" in ji ta. "Kai dai tsoho, sanyi ne ba ka gaji da shi ba."

Borghild ta bar eriya guda a kan tudu, faifai cike da ɗaki, masu talla da ba su san inda za su kai kukansu ba, da Oddvar, wanda har yanzu yake zuwa da safe ya gaida gari ta makirufon da ba ya zuwa ko'ina.

Game da jana'iza, da fari Oddvar ya sanar cikin ladabi cewa ƙasa ta daskare, ba a iya haƙa kabari sai bazara, ko ma ta baɗi. Gunvor ta gode masa, ta je ta aro wa marigayiyar injin da masu haƙar kabari ke narkar da ƙasa da shi. Tun jiya injin yake aiki a bayan tashar, ita take gadinsa da kanta.

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Asabar da azahar. Za a ba da kofi da waina. Mai makoki yana roƙon kada a kawo furanni. Amma duk wanda ke da tsohon kayan gyara irin na Borghild, ya zo ta ƙofar baya kafin Asabar, ya nemi Trygve, kada ya gaida Gunvor.