Ranar Ƙarshe ta Garantin Injiniya

Duk wanda ya san harkar gini a garin nan ya san Injiniya. Ba a taɓa ganin takardar karatunsa ba, amma an ga hular kwanonsa, fara sol, wadda ko a cikin mota ba ya cirewa. Leburorinsa na kiransa Sarkin Garanti. Mutum ne mai tausayi ƙwarai: bai taɓa bari siminti ya wahala ba, yashi yake sawa ya yi masa aikin.

Doka ta ce wanda ya gina gida don sayarwa ya ba da garantin shekara guda. Injiniya ya bi doka har ya wuce ta. Nasa garantin shafi tara ne, da hotonsa a sama. Shafin farko alkawari ne, sauran takwas kuwa jerin abubuwan da ke ɓata alkawarin.

Wata ungozoma mai ritaya ta sayi ɗaya daga cikin gidajensa. Ruwan farko a falonta ya sauka, ta silin. Ta rubuta masa, ya ce gidan numfashi yake yi. Ta sake rubutawa, ya ce sabon gini sai ya saba da damina. Na ga wasiƙun, goma sha ɗaya ne. Abin da take nema kawai ya sa hannu a takardar gyaran rufi kafin garantin ya ƙare, in ba haka ba gyara ya dawo wuyanta.

Ranar ƙarshe ya zo, ba don ita ba, sai don ya nuna wa wani mai son sayen gidan kusa irin aikinsa. Ya tsallake bokitai uku a falo kamar bai gan su ba.

"Hajiya, ni ba gini nake yi ba, tarihi nake kafawa. Dubi ƙofar banɗakin nan. Katakon waje ne. Ku saurari ƙararta."

Ya shiga, ya rufo ta da ƙarfi. Ƙarar kam ta yi daɗi. Sai dai katakon ya sha ruwan rufi wata huɗu, ya kumbura, ya cije. Injiniya ya murɗa, ya ja, ya sa kafaɗa.

"Hajiya, a samo guduma a ɓalle ta!"

Ungozoma ta sa tabarau, ta buɗe shafi na shida. "Injiniya, a nan an ce in wani ya taɓa ƙofa ban da kafintan kamfani, garanti ya ɓaci. Ni ba zan saɓa maka ba."

"Kafintan ya bar aiki tun watan jiya!"

"Allah sarki. To sai mu jira ka ɗauki wani."

Tagar banɗakin ba ta buɗuwa, famfon kuma ba ruwa. Mai saye ya ce zai je ya dawo, ba a sake ganinsa ba. Bayan awa biyu ungozoma ta tura takardar gyara da biro ta ƙarƙashin ƙofa, inda Injiniya ya bar ratar yatsa uku. Takardar ta dawo jiƙe da gumi, da sa hannu, har da rubutaccen izinin ɓalle ƙofa.

Maƙwabta uku suka zo da ƙarfe. Rabin awa suna fama, ƙofar ko motsi ba ta yi ba. Daga ƙarshe ɗayansu ya gaji, ya jingina da bangon gefe don ya huta, sai bangon ya rushe, ga Injiniya a fili.