Rigar Ango da Hodar Fofirin

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren Sanusi, ɗan yayana, a Goronyo ba. Ni ne wakilin ango.

A lokacin ina bincike a jami'a kan fofirin, wani sinadari mai zobe da ƙarfe a tsakiya, irin wanda ke sa jini ja. Idan aka haɗa ɗan ƙanƙaninsa da ruwan wanke miki mai kumfa, yakan zaburar da shi ya cinye rini a gurɓataccen ruwa ba tare da ya bar guba ba. Tun isowata nake yi wa dangi wannan bayani, kwalbar hodar tana cikin jakata (na ce don ɗalibai na zo da ita, gaskiyar ita ce don a gani).

Ana shirin tafiya masallaci sai ruwan goro ya ɗiga a ƙirjin farar shaddar ango. Tabon bai kai ƙwayar wake ba.

Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifinmu, ta ce, "Ku ja aljihu bisa wurin, wa zai gani?"

Na ce, "Gwaggo, ai ranar ilimi ta zo."

A ɗakin gwaji, abin da ake sawa bai cika kan allura ba, kuma cikin ruwa, ba a kan tufa ba. Amma idanu sun yi mini yawa, sai na sa aka kawo ruwan wanke miki na jiƙa tabon, na barbaɗa hodar da hannu sake. Kumfa ta taso, mata suka yi guɗa. Da ta lafa, sai ga tambari ruwan makuba, faɗin faifai. Na manta cewa fofirin shi kansa rini ne mai naci.

Sanusi ya dubi rigarsa, ya ce a hankali, "Baffa, hakanan zan tahi?"

Gwaggo ta kama haɓa. "Mi kac ce sunan abin ga? To, Malam, tuɓe taka ka ba yaro. Kai ka sa iliminka."

Haka na zauna gaban liman da dangin amarya daga Wurno, na karɓi aure da tambari a ƙirji. Wani dattijo ya matso ya tambaye ni ko sabon yayin Sakkwato ne.

Nakan koya wa ɗalibai cewa irin wannan sinadari yana aiki ne ba tare da ya ƙare ba. Gwaggo ta adana rigar a akwatinta, takan fito da ita duk sallah. Har yau bai ƙare ba.