Biyu Sau Biyu a Gaban 'Yan Foli

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗauki ƙafata na tafi foli, babbar makarantar garinmu, ba, ni da ko ƙofar firamare ban taɓa leƙawa ba. A unguwarmu nan Kaura an san ni. Yaro ba ya wuce ƙofar gidana da gudu, budurwa ba ta gaishe ni a tsaye. Abin da aka fi sanina da shi kuwa kara ce. Ɗana na fari, tun da aka raɗa masa suna har furfura ta fito masa a gemu, bakina bai taɓa kama sunansa ba. Yana ƙarami "yaron nan" nake cewa, da ya haihu ya koma "uban Saratu". Haka na tarar iyayena na yi a Shinkafi, haka na riƙe. Ranar da aka kawo gawarsa daga hanyar Zurmi, inda yake koyarwa a firamare, mata sun cika gida suna kuka, ni ce mai ba su haƙuri. Har misali ake bayarwa da ni. (Yanzu dai sai su nemi wata.)

Cikin abin da ya bari akwai kwamfuta mai murfi, ta koma hannun 'yarsa Saratu da ke karatu a foli. Lokacin da aka rufe makarantu saboda rashin zaman lafiya, a zaure yake zama ya ɗauki karatu da muryarsa, a tura wa iyayen yara ta waya. Ban san muryar ta zauna a ciki ba sai wata rana da nake tsince wake, na ji shi daga ɗakin Saratu yana cewa, "Yara, ku zauna." Faifan ya kusa suɓuce mini. Na shiga kamar mai neman tsintsiya, na tsaya ina kallon yatsun yarinyar.

Ban iya karatu ba, amma idona ba ya mantuwa. A danna maɓalli, a jira hotonsa ya fito yana tsaye a tashar jirgi, a ja 'yar kibiya zuwa kusurwar hagu ta ƙasa, akwai wata alama shuɗiya, a taɓa ta. Shi ke nan. Duk ranar da aka kawo wuta da hantsi, Saratu ta bar kwamfutar a caji ta tafi makaranta, sai in sakaya ƙofa in zauna. Karatun lissafi ne na 'yan aji biyu. A tsakiyarsa akwai inda muryata ke shigowa daga cikin gida, ina faɗa kan akuya ta ci dusa, shi kuma ya yi dariya ya ce, "Inna, a rage faɗa, karatu nike ɗauka." Wannan "Inna" ɗin nake zuwa ji. Sauran duk rakiya ce.

To, sai kwamfutar ta fara ciwon tsufa. In an danna ta har a gama dama fura ba ta farka ba. Saratu ta ce masu tsarin da ke cikinta sun daina kula da irinsa, sun ce sai dai a sayi sabuwar kwamfuta. Amma wai akwai wani tsari na kyauta, Linuks, da wani malaminsu ke sa wa ɗalibai, yana tayar da tsohuwar kwamfuta ta koma yarinya. Na tambayi mai shi. Ta ce ba shi da mai shi, aikin gayya ne, mutanen duniya suka taru suka gina, kowa na iya leƙa cikinsa ya gyara. Na ce gonar gayya ma ai da mai ita, abin da ba mai shi in ya ɓaci rigar wa za a kama? Ta yi dariya, ta ce tsohuwa ba ta rasa ƙorafi. Tambayar da ke cina ita ce ko muryar za ta tsira, amma yaya zan yi ta? Iyakar abin da na iya cewa shi ne kayan mamaci ba a taɓa su da garaje. Ta nuna mini wani ɗan ƙarfe kamar ɗan yatsa, ta ce ta kwashe komai a ciki. Ban yarda ba. Mutum guda da dariyarsa, a cikin wannan?

Bayan ta sa sabon tsarin, da aka sake kawo wuta na sakaya ƙofa na danna. Ta farka da wuri kam, amma ba hotonsa, sai wani dutse da ban san garinsu ba. Na ja kibiya kusurwar hagu. Wayam. Na taɓa nan na taɓa can, wani baƙin allo ya fito da rubutu, na rufe murfin da sauri. Ranar da aka kawo gawarsa ban yi kuka ba. Ranar nan na yi, ni da akuya kaɗai a gida.

Kwanakin da suka biyo baya kowa ya ɗanɗana. Mai kawo ruwa ya sha faɗa, kajin maƙwabta sun sha jifa. Ita kuwa Saratu kullum da albishir take dawowa. Yau ta samo manhajar rubutu a madadin tsohuwar, har ta buɗe takardunta duka. Gobe ta samo ta lissafi. Wata ta gyaran hoto ta ba ta wahala, ta gwada ta cire, ta gwada wata. Ni ina baza kunne in ji ta ce ta murya, shiru. Sau ɗaya na daure na ce, shi wannan sabon yana magana kuwa? Ta kalle ni kamar za ta ce wani abu, sai ta ce yana yi mana, Kaka, ta sunkuyar da kai. Na ɗauka rashin gaskiya ne.

Asabar ɗin ta ce suna da taro a makaranta, malamin nan zai sa wa mutane tsarin, ita tana cikin masu taimakawa. Ta bar kwamfutar a caji. Na naɗe ta a zani, na yafa mayafi, na tari keke napep.

Ɗakin taron cike yake, samari da 'yan mata kowa da kwamfuta a gabansa. Na ratsa su har gaba, na tambayi babbansu. Wani mai gilashi ya taso ya rusuna ya gaishe ni da kyau (wannan ya rage masa laifi kaɗan). Na kwance zanin na ce, "Abin da kunka cire shi za ku mayar."

Ya karɓa, ya jona ta da wata waya, sai ga fuskar kwamfutar ta fito ƙatuwa a bango. Ya ce mi ya ɓace, Inna? Na ce abu. Takarda? A'a. Hoto? Har da shi, amma ba shi ba. Na ce akwai mai magana a ciki. Ya ce wane ne? Na ce wani malamin makaranta ne. Ya ce in ba suna, ko zan iya tuna abin da yake faɗa, don a san inda za a nema?

Nan shaiɗan ya samu ƙofa. Sunan ba zai fito ba, amma karatun yana bakina kamar Fatiha. Na gyara tsayuwa, ni mai jikoki, na ce, "Yara, ku zauna." Na ɗauko da waƙarsa yadda yake ja: biyu sau ɗaya biyu, biyu sau biyu huɗu, biyu sau uku shida. Har tarin da yake yi bayan sha biyu sai da na yi. Wani ya fara ƙyaƙyatawa a baya, ɗakin ya ɗauka. Wata ja'ira ta amsa mini da sha huɗu. Ban tsaya ba, don in na tsaya ban san abin da zai fito ba.

Sai na ga Saratu ta taso daga cikin mutane. Ba ta kalle ni ba. Ta sa yatsa ta ja kibiyar zuwa tsakiyar allo, kan wata alama ƙatuwa da ko makaho zai lalubo, ta taɓa.

"Yara, ku zauna."

Ta lasifikar ɗakin ya fito, kamar yana tsaye a bayana. Dariyar ta mutu. Ya yi biyu sau biyu, ya yi tarinsa daidai inda na yi. Sai ga muryata ta cika foli ina tsine wa akuya. Sai dariyarsa. "Inna, a rage faɗa."

Na kira sunansa. Da ƙarfi, a gaban 'yarsa, a gaban malami da 'ya'yan mutane. Abin da na riƙe tun ina amarya ya zube a ƙasan siminti, na bi shi na zauna ina kuka da majina. Ba zan maimaita sunan a nan ba.

A keke muna komawa, sai da muka wuce kasuwar hatsi Saratu ta ce, "Kaka, manhajar muryar na fara sawa, tun kafin ta rubutuna. Na sa alamar tsakiya, na ƙara mata girma don ki gani."

Na ce wa ya ce mata ina taɓawa?

Ta ce, "Kwamfuta ba ta cin daddawa, amma kullum da warinta nike iske ta. Kin zaci mantuwa ke sa ni barin ta gida?"

Ashe ta daɗe da sani. Ta kasa nuna mini sabon wurin don kada in gane ta sani, ni na kasa tambaya don kada ta sani. Ita tana yi mini kara, ni ina yi wa mamaci, muryar kuma tana zaune tsakiyar allo tana jiranmu. Ni ko idona na kusurwar hagu, inda na saba, kamar tsohuwar jaka da hanyar rijiya.

Ta mayar da hoton tashar jirgin a ranar. Yanzu ba na sakaya ƙofa, wani lokaci ma tare muke ji. A unguwa kuwa labari ya riga ni isowa, yara na hango ni sai in ji ana biyu sau biyu ƙasa-ƙasa, kuma ba bakin korarsu.

Abin da na koya, kara ado ce, amma ba a cigiya da ita. Wanda ya je neman abu ya ƙi faɗin sunansa, zai faɗe shi a inda ya fi yawan jama'a.