Takina a Gonar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara dattawan garinmu a zaurena don su ga yadda ake fansar gona da albashin wata ɗaya ba. Har yau in na tuna sai in ji hulata ta yi mini nauyi.

Shekarun nan ne da buhun masara ya koma zinariya, motar Bici kuwa sai ka shafa aljihu sau uku kafin ka ɗaga mata hannu. A cikin wannan hali 'yata Binta ta samu gurbi a jami'a, fannin gudanar da harkokin asibiti. Na tambaye ta ko allura za ta riƙa yi. Ta ce a'a, su ne masu tsara aiki: gadaje, magunguna, albashi, da likitan da zai kama aiki yau da wanda zai huta. Nan take na buga lissafi irin na manomi. Mai cewa wane ya kama gabas, wane ya kama yamma, ai shi ne mai gona. Likitoci ke nan 'yan ƙwadago. To a ina ɗan ƙwadago ya taɓa fin mai gona kai amfani gida? (Ban tambayi kowa ba. Lissafin ya yi mini daɗi, ban so a ɓata mini shi.)

Sai na jinginar da gonata ta bakin rafi, gadon mahaifina, ga Alhaji Sale mai sayen hatsi a Dawanau. Ƙa'idar jingina kowa ya san ta: yana nomawa yana ci har ranar da ka mayar masa da kuɗinsa cif. Uwargidana ta ce, "Malam, da dai ka fara jin nawa ake biyansu." Na ce ta shirya ɗaura atamfa da safe, leshi da yamma.

Binta ta gama, ta yi bautar ƙasa, ta samu aiki a wani asibiti cikin birni. Rani ne, lokacin kai taki. Na kwashe duk abin da awakinmu da tumakinmu suka tara a shekara, na ɗauko hayar jakunan da jerinsu ya kusa kaiwa Gezawa, na sa aka jibge shi tsibi-tsibi a gonar da ke hannun Alhaji. Ni ne a gaba, ina ɗaga wa jama'a hannu kamar ɗan takara. Na aika masa cewa bana kada ya wahalar da kansa, ƙarshen wata zan karɓi abata. Ya aiko da cewa Allah ya kai mu. (Da ina da hankali, da wannan amsa ta hana ni cin tuwo.)

Ƙarshen wata Binta ta zo gida. Na gayyato Alhaji, da Maigari da Liman, shaidun jinginar. Na zura rigar sallah, na raba goro. Binta ta durƙusa a ƙofar zaure ta gaishe su, sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba, ina son magana da kai a ciki."

"Babu ɓoye-ɓoye, uwar likitoci! Faɗa wa iyayenki abin da aka zuba miki."

"Baba, don Allah..."

"Faɗi, har na bayan katanga su ji!"

Ta faɗa.

Na yi dariya na ce, "Wannan na mako ne. Na watan fa?"

"Na watan ke nan, Baba. Kuma ban cire haya da kuɗin mota ba."

Kuɗin ko igiyar buhun bashina ba su kwance ba. Liman ya shiga jan carbi da gudu. Maigari ya ƙura wa goronsa ido kamar yau ya fara ganin goro. Alhaji ya gyara zama ya ce, "Malam, ni dai sai godiya. Tunda nake noma ba a taɓa kawo mini taki kyauta har gona ba. Masu jakin ma an sallame su?"

Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna ita ma tana hannun Alhaji.

Binta ce ta ɗago kai. Ta ce, "Alhaji, na shiga adashi a wurin aiki. Duk ɗauka zan kawo maka, in ka yarda, Malam Liman ya shaida." Alhaji ya dube ta ya ce, "Da ke aka yi cinikin tun farko, da ba mu zo nan ba. Na yarda."

Daminar nan dawa a gonar ta yi tsayin da tsuntsu sai ya huta a hanya kafin ya kai kanta. Alhaji ya aiko mini da dami ɗaya, wai ladan taki. Na karɓa kuwa, yunwa ba ta san fushi ba.

An yi damina da dama kafin gonar ta dawo, amma ta dawo, da gumin yarinyar nan. Yau likitoci da gemunsu a ƙofar ofishinta suke layin neman hutu, ni kuwa yaran gari Sarkin Taki suke kirana, kuma ina amsawa da ƙarfi. Ƙaninta ma ya fara maganar jami'a. Na ce masa madalla, amma kafin in kama ko bunsuru in kai kasuwa, sai na ji albashin da kunnena, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Jakuna kuwa su jira.