Kilishin Inna a Tsakiyar Teku

Ba zan taɓa mantawa da kilishin da na tura tsakiyar teku ba. Mutum biyar ɗin da suka ci shi ma na san ba su manta ba, sai dai ba da alheri suke tuna ni ba.

Bayan na samu bak ɗina, wato shaidar gama sakandare a Faransa, na harkar ajiya da jigilar kaya, shekara biyu na yi a siton Kawu Sani a Aubervilliers, gefen Paris, ina jera kwalayen takalma. Kawu mutumin kirki ne, amma in kika ce za ki tashi daga aiki ƙarfe biyar sai ya tambaye ki wa ya rasu. Don haka da wani kamfanin abinci a Lyon ya ɗauke ni, ban ko tsaya shawara ba. Sharaɗin ɗaya ne: in yi wata shida ba ƙorafi, su ba ni aikin dindindin. Takardar wannan aikin ita ce komai a wurina. Ita ce ɗakina ni kaɗai, ita ce rabuwa da kwalayen Kawu.

Kamfanin yana ɗaukar nauyin wani jirgin ruwa na tsere, irin mai dogon tanti da iska ke turawa. Mutum biyar ne a ciki, za su ƙetare Atlantika cikin sati biyu da ɗoriya. Ni da ban taɓa shiga ko kwalekwale ba, na ɗauka yawon masu hali ne, sai da na ga hotunan ciki. Ba gado, ba makewayi sai bokiti. Barci awa biyu-biyu ake yi, a tashe ka ka karɓi wani. Tufafinsu ba sa bushewa, gishiri ya ci musu wuyan hannu har ya yi ƙuraje. Nauyi kuwa abokin gabarsu ne, ko cokali sai an auna shi. Ruwan sha ma ba sa ɗauka da yawa, akwai injin da ke cire gishiri daga ruwan teku. Yawancin abincinsu busasshe ne kamar gari, sai an zuba ruwan zafi ya kumbura.

Aikina shi ne haɗa jakunkunan abincin. Kowace rana da jakarta, da lambarta, da nauyinta, in auna in liƙe. Shugabata Madam Odil ce, mace mai son taro kamar me. Ta tara mu awa biyu tana bayanin abin da ke cikin kowace jaka da dalilinsa. Ni kuwa salulata na ƙarƙashin tebur (kada a tambaye ni me nake kallo, ba abin kirki ba ne). Abu ɗaya na fita da shi daga taron: kada jaka ta wuce nauyinta.

Ƙarshen sati na je gida na nuna wa Inna leda ɗaya ta garin nan. Ta buɗe, ta sansana, ta dube ni kamar ni na ƙirƙiro shi.

"Wannan ko kaza sai ta yi tunani kafin ta ci. Ƴaƴan mutane za su hau ruwa, wannan ne guzurinsu?"

Na ce Inna, likitoci ne suka tsara. Ta ce likitocin ba su da iyaye ne? A Maradi ko Tasawa mutum zai je ba a barinsa ya fita hannu sake, balle wanda zai bar ƙasa gaba ɗaya. Lahadi da hantsi ta ɗauki metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa unguwar Porte de la Chapelle wurin wani Malam Habu da ke yin kilishi, ta dawo da ƙunshi mai nauyi cikin takarda ruwan ƙasa, mai ya huda ta ko'ina. Ta ce in ba su, in ce daga uwa ne.

Gaskiya abin ya burge ni. Har na hango su tsakiyar ruwa suna buɗe jaka suna shi mini albarka da Faransanci.

Litinin na ɗora kilishin a ma'auni, na ga ba inda zai shiga sai an cire wani abu. Na duba jakunkunan. Daga ta tara zuwa ta sha huɗu duk sun fi sauran kayan nauyi: dafaffen abinci da romonsa cikin leda, da markaɗaɗɗen tuffa mai ruwa-ruwa. Na ce a raina, wane marar lissafi ne ke ɗaukar ruwa ya hau ruwa da shi? Na kwashe su, na zuba kilishi daidai nauyinsu, ko giram bai kuskure ba, na liƙe, na yi alama a takarda cewa komai ya cika. Ban tambayi Madam Odil ba don na san wani taron za ta kira. Abin da na kwashe na jera shi a kicin ɗin ma'aikata, aka ɗauka ragowa ce, aka cinye cikin kwana uku (ni kaina na ci biyu, da shinkafa da kaza).

Ranar tara da tashinsu injin ruwan ya mutu. Sun kwance shi sun ɗaura, bai tashi ba. Abin da ya rage musu shi ne jarkar ko-ta-kwana da wani ɗan famfon hannu da sai ka yi ta bugu har kafaɗarka ta sage kafin ka cika kofi. Madam Odil ta tara mu a ofis ta ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Ta ce ta san injin nan yakan ba da matsala a tsakiyar tafiya, shi ya sa ta cika jakunkunan tsakiya da abinci mai ruwan kansa, kamar yadda ta yi mana bayani a taro. Tana faɗin haka na tuna abin da na kwashe.

Da rana saƙon kaftin, matar da ke jagorantar jirgin, ya iso. Layi biyu ne. Tana tambaya mene ne wannan jan naman mai barkono, kuma ina abincinsu.

Sun ci, don ba yadda za su yi. Garin ba ya haɗiyuwa ba ruwa, kuma mutumin da ke jan igiya cikin iska dole ya sa wani abu a ciki. Gishiri, yaji, tunkuza, a kan kofi biyu na ruwa a yini. Loyik, ƙaton cikinsu da ke murza na'urar ɗaga tanti, shi ya fi ci, ga shi dama yana fama da amai saboda igiyar ruwa. Kwana huɗu fitsarinsa ya kusa ɗaukewa. Likitan tseren ya ce ƙoda ce, su nemi ƙasa. Suka karkata zuwa wani tsibiri aka kwantar da shi asibiti. Shirin shekara biyu ya ƙare a nan.

Ni kuwa na yi gum. Sa hannun Madam Odil ne a kan takardar ƙarshe, don haka ita manya suka tasa gaba. Aka yi ta zargin masu lodi a bakin teku. Ina kallonta tana fitowa daga ofishin darakta idonta ja, ina lissafin cewa saura mini sati uku a ba ni takardata. Wannan ɓangaren ya fi kilishin muni, na sani, ba sai an faɗa mini ba. Inna kuma na ce mata inji ne ya lalace, ɗaya ya yi ciwo, ya samu sauƙi. Iyakar abin da na faɗa mata ke nan.

Da suka dawo, kamfani ya shirya musu ɗan taron maraba da tsakar rana, ma'aikata da iyalansu. Bakina ya suɓuce na faɗa wa Inna a waya. Ta ce za ta zo yi musu barka da arziki. Na ce Inna, su ba sa yin wannan. Ta ce ba mutane ba ne? Wanda ya kuɓuta daga ruwa a ƙi zuwa gaishe shi? Na ce nisa. Ta ce ta riga ta sa ƙanena ya yanka mata tikiti.

Na taro ta a tashar jirgin ƙasa, ta sha shadda mai aiki, da babbar jaka a kafaɗa. Na ga jakar. Ban tambaya ba, don hankalina na kan yadda zan ajiye ta a kujerar baya har a watse.

Ba a ajiye Inna. Muna shiga ta tambaye ni wanne ne mara lafiyar, kafin in yi ƙarya ta gane shi da kanta. Loyik ya zabge, leɓɓansa duk sawun tsagewa, yana rungume da gorar ruwa kamar za a ƙwace. Ta nufe shi ni ina biye. Ta gaishe shi gaisuwar gida cikakkiya, ya jiki, ya gajiya, ya iyali, ya aka ji da tsoro, ni ina fassarawa a gajarce. Mutane suka matso suna murmushi, har da kaftin da Madam Odil. Sai Inna ta zuge jaka ta fito da ƙunshin takarda ruwan ƙasa, ta buɗe shi a gabansa da hannu biyu.

Ƙamshin ya cika wurin. Loyik ya ja da baya ya toshe baki. Sauran huɗun suka daina taunar abin da ke bakinsu.

Inna ta ce, "Gaya mishi irin wancan ne da muka sa musu a jaka. Wannan karon na ce Malam Habu ya ƙara yaji, bakin mara lafiya ba ya jin ɗanɗano."

Na ce da Faransanci, "Tana yi maka fatan samun lafiya."

Madam Odil ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Maganarta ta fi haka tsawo."

Inna ta lura na yanke mata zance, abin da ta tsana tun ina fassara mata a asibiti ina ƴar firamare. Sai ta dafa ƙirji ta yi da kanta: "C'est nous. Moi et ma fille. Cadeau." Wato mu ne, ni da ƴata, kyauta ce. Ta dafa kafaɗata don kada a yi kuskuren wace ƴar.

Madam Odil ta tambaye ni me na cire. Na lissafa mata, jaka bayan jaka, don ban manta ko ɗaya ba. Ta tambaya ina suke. Na ce an cinye a kicin. Wani daga baya ya ajiye farantinsa.

Na jira Loyik ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Kallon ƙunshin kilishin kawai ya yi ya ce, "Yana da daɗi, shi ne matsalar. Rana ta uku ina lasar raɓar jikin tanti, kuma ina komawa in ƙara ci."

A bakin ƙofa Madam Odil ta karɓi katin shigata. Ta ce kilishin wauta ce, tana iya yafe wauta, amma ta zauna kusa da ni sati uku ina kallo ana tuhumarta.

A jirgin komawa Paris na fassara wa Inna komai, wannan karon ban rage ko kalma ba. Ta riƙe ƙunshin a kan cinyarta har muka wuce garin Mâcon. Sannan ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Ni cewa na yi ki ba su. Ban ce ki ɗauke nasu ba. A gidan uban wa kika ga ana yi wa mutum guzuri da abin da aka cire daga bakinsa?"

Da za mu sauka ta ce in nemo mata lambar yaron nan ta riƙa jin lafiyar ƙodarsa. Ban samu ba. Ban ma san da wace fuska zan nema ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu duk ranar da zuciyata ta ce in yi wa wani alheri a ɓoye don in ba shi mamaki, nakan nemi wuri in zauna, in sha ruwa, in jira har abin ya sake ni.