Rasuwar Jirgin Egya Kobina a Hannun Mai Wankin Mota

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu ba ta daina tafasa ba, ni Ebo Essuman na Takoradi, a madadin iyalan mahaifinmu Egya Kobina Essuman, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ɗan jirgin saman yaƙinmu na roba, wanda ajali ya riska a kan kabad ɗin falo ranar Asabar da ta wuce.

Marigayin ya zo duniya a cikin kwali, gunduwa-gunduwa. Ni na haɗa shi da gam da samfefa da tsinken sakace, har idona ya fara ganin abu bibbiyu. Tsawonsa bai wuce tafin hannu biyu ba, amma kamarsa ɗaya da jirgin da mahaifinmu ya yi ƙuruciyarsa yana gyarawa a aikin soja. Tsoho idonsa ya yi rauni, don haka da yatsa yake bin jikin jirgin yana cewa, "Nan hayaƙi ke baƙantawa. Nan kuma, ƙarƙashin fiffiken hagu, mai ba ya daina ɗiga." Duk inda ya nuna, na bi da burushi mai silin gashi na zana dattin. Wannan dattin shi ya ci rabin aikin.

Jirgi ne mai haƙuri. Bai taɓa shan mai ba, bai taɓa jefa wa kowa bam ba, kuma ba a taɓa jin muryarsa ba sai ta bakin Egya, wanda kan ɗaga shi bayan cin kenke ya yi masa "fiiiiiiw, buuum!" har tari ya sarƙe shi.

Ciwon ajalinsa gajere ne, sunansa Fiifi, yayan matata, mai gidan wankin motoci. Ya zo gaisuwa ba na nan, ya ga jirgin, zuciyarsa ta wanki ta motsa. Ya tsoma tsumma a tina, ruwan da nake tsinka fenti da shi, ya dirje marigayin tun daga hanci har wutsiya. Fenti ya tafi, gilashin matuƙi ya yi fari fat, fiffiken hagu ya narke ya lanƙwashe. Na dawo na tarar da Fiifi yana murmushi. "Akonta, surukina na kaina, haka ake barin kaya da ƙazanta? Kyauta na yi maka, kada ka gode."

Ban gode ba, kuma ban yafe ba. Masu zuwa mini da maganar ƙaddara su riƙe abarsu.

Marigayin ya bar matuƙinsa, wanda aka tsinta a ƙarƙashin kujera ba kai, da taya guda, da bama-bamai biyu da ba a kai ga liƙa su ba, da kuma tsoho da yanzu yake zama bayan cin abinci hannunsa a kan gwiwa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa a gidan Egya. A zo sanye da kayan makoki, ja da baƙi. Fiifi ne zai ɗauko gawar a ka, a cikin kwalinta, tun daga bakin titi, kuma da ƙafa zai zo. Farar motarsa, wadda yake gogewa har ana duba fuska a jikinta, za ta jira shi a gindin mangwaro, ni zan yi gadinta. Ina da ragowar fenti mai launin tsatsa, irin wanda sabulu ba ya fitarwa, kuma duk Takoradi babu mai bambanta tsatsar hannuna da ta gaske.

Egya ya ce a kai masa kujera kusa da motar. Shi zai nuna mini inda tsatsa take fara ci.