Ko a Kwance Ina Ƙonawa

Awudu makanike ne ya ce mini duk namijin da ke ɗaga ƙarfe, ko yana kwance jikinsa na ƙona abinci. Nan take na sayo tsofaffin ƙarafunan mota a kasuwar Abossey Okai, na ce wa tela ya rage ƙugun wandon da zan sa a auren ƙanena.

"Alhaji, ka tabbata?"

"Yanka kawai!"

Kwana uku na ɗaga, cikina ya buɗe. Kullum sai waakye, shinkafa da waken nan, kwano biyu, in miƙe a benci, jiki na aikinsa.

Ranar aure wando ya tsaya a cinya. Da tsohuwar jallabiya na tarbi surukai.

Har yau a unguwarmu Nima, ina fara gyangyaɗi zan ji: "Ku yi shiru, Alhaji na motsa jiki!"